Ranar da Na Kusa Sayar da Sa Saboda Fankar Mota

Na yi motoci uku a zamana na Abuja, na kuma yi mu'amala da kanikawa da yawa, amma akwai wani gyara guda da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ba don tsadarsa ba, don shi ne ma gyara mafi araha da aka taɓa yi mini.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikata a cikin gari, ina zaune a Nyanya da iyalina. Ina da wata tsohuwar mota ta gwanjo, wadda da ita nake zuwa aiki. Kamar yadda ma'aikata da dama ke yi, da safe nakan ɗauki fasinja huɗu a bakin tasha, da yamma in biya ta Jabi in ɗebo wasu. Abin da nake samu shi ne kuɗin mai da na cefane. Idan motar ta kwanta, gidana ma ya kwanta.

Bakaniken da ke duba mini ita mutumin garinmu ne, Bazazzage, kuma mun shekara shida tare. Ban taɓa kai motar wurin wani ba. Sai dai ina da wata ɗabi'a da a wancan lokacin nake ɗauka wayo ce: duk kuɗin da ya faɗa, sai na raba shi biyu kafin mu fara magana. Har alfahari nake yi a ofis cewa babu bakaniken da ya isa ya ci kuɗina.

Sai motar ta fara ɗaukar zafi. Da na shiga cunkoson Nyanya, allurar ma'aunin zafi sai ta yi sama, ruwa ya tafasa, in gangara gefe in buɗe bonet, fasinjoji su sauka suna tsaki suna neman kuɗinsu. Na kai masa, ya wanke lagireto. Bayan mako guda ta sake, ya canza famfon ruwa. Ta sake, ya buɗe saman inji ya canza gaskit. A karo na huɗu ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce injin ne ya gaji, sai dai a sauke shi a ɗora wani. Kuɗin da ya faɗa ya kai albashina na wata huɗu. Na taya kamar kullum, ya rage, amma abin da ya saura ma ya fi ƙarfina.

Ina da sa guda da wani abokina manomi ke kiwata mini a Paikon Kore. Na ajiye shi ne don kuɗin makarantar babbar 'yata, wadda ke shirin shiga jami'a a shekarar. Matata ba ta so a taɓa shi ba. Na ce mata idan babu mota, babu abin da za mu ci har a kai ga maganar makaranta. Ban jira amincewarta ba, na yanke shawarar sayar da shi.

Ranar kasuwar garin na nemi izini a ofis, na cika jarkoki biyu da ruwa na kama hanya. Tun daga cikin gari har na wuce Gwagwalada motar ba ta yi ko tari ba. Sai da na iso bakin kasuwa, inda motocin doya da na dabbobi suka toshe hanya, na yi kamar minti goma ina jan jiki, sai hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Wasu mutane suka taya ni turawa zuwa gindin wani mangwaro, inda wani dattijo bakanike ke zaune a kan tsohuwar taya yana cin gasasshiyar masara. Daga Hausarsa na gane mutumin Filato ne.

Na ce masa kada ya wahalar da kansa, ruwa kawai zan ƙara, na san ciwonta, inji ne, sa ma na zo sayarwa don in canza. Bai tashi ba. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Nyanya. Ya tambaya ko ta yi zafi a hanya, na ce a'a, sai nan. Ya ce a gida fa, a ina take yi? Na ce a cunkoso.

"Oga, motar da ya yi gudu daga Nyanya har nan bai tafasa ba, ba shi da ciwon inji," in ji shi. "Iska ne ba ya samu."

Ya jira ta huce, ya sa na tayar. Fankar lagireto ta juya lafiya lau. Na ce ai ka gani, bakanikena ma ya duba ta. Ya ce in bar ta tana aiki. Muka tsaya muna kallo kusan kwata na awa, har na fara ƙosawa. Da injin ya yi zafi sosai, sai fankar ta tsaya cak. Ya sa hannu ya taɓa wata waya, fankar ta ci gaba da juyawa. Ya saki, ta tsaya. Soket ɗin da wayar ke shiga ne ya narke ta ciki, idan ya yi sanyi ya kama, idan ya yi zafi ya saki. Ya yanke shi, ya ɗauko wani daga cikin wani gwangwani, ya haɗa, ya naɗe da salatif. Muka bar motar tana aiki rabin awa a tsaye, allurar ba ta motsa ba.

Na tambaye shi nawa zan ba shi, ya ce dubu biyu. Abin da na yi a nan har yau idan na tuna sai na ji kunya. Bakina ya riga tunanina, na ce a bar shi dubu ɗaya mana, Baba.

Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Ɗana, yanzun nan na mayar maka da sa. Kana taya ni?"

Na ba shi abin da ya faɗa, na ƙara masa, ya karɓi dubu biyunsa ya miƙo mini sauran. Na je na gaida abokina, na ga san yana cin harawa, na juyo gida.

Washegari na tafi garejin ɗan garinmu da narkakken soket ɗin a aljihu da maganganu cike da bakina. Na ajiye masa a kan bonet. Ya juya shi a hannu, ya gane nan take. Na ce masa shekara shida na amince da shi, ashe yanka ni yake shirin yi.

Bai musa cewa ya yi kuskure ba. Ya ce duk lokacin da ya duba fankar tana juyawa, bai taɓa zama ya jira ta yi zafi ba. Ya ce gaskiya bai san ciwon ba, kuma ya ji nauyin ya ce mini bai sani ba, shi ya sa ya ɗora wa inji. Na tambaye shi kuɗin da ya faɗa fa, shi ma rashin sani ne?

"Malam, tun da muke, ka taɓa biyana abin da na faɗa?" ya ce. "Idan na faɗi gaskiya sai ka raba ta biyu, in yi aiki a banza. Shi ya sa nake ninkawa, in ka raba mu dawo daidai. Kuma aikin da ba a biya, ba na iya zama awa guda ina kallon fanka."

Ban yafe masa maganar injin a ranar ba, don da na sayar da san, da 'yata ta zauna a gida shekara guda a kan abin da bai tabbatar ba. Amma na san rabin maganarsa gaskiya ce. Na ɗauke motata daga wurinsa na kusan shekara biyu, na yi ta yawo gareji-gareji, na haɗu da waɗanda suka fi shi da waɗanda ya fi. Daga baya na koma, muka yi sabuwar magana: ya faɗa mini kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, idan bai gano matsala ba ya ce bai gano ba, ni kuma ba zan taya kuɗin aikinsa ba. A kan haka muke har na yi ritaya.

Abin da na koya shi ne, amana tsakanin mai mota da bakanike ba daga gefe guda take lalacewa ba. Na yi shekaru ina neman bakanike mai gaskiya, ban taɓa tambayar kaina ko ni mutum ne da za a iya faɗa wa gaskiya ba.