Ƙarar Babur ɗin Ɗanladi

Ranar wata Asabar ce, a daminar farko bayan gwamnati ta tare a Abuja, Baba ya shigo gidanmu na Paikon Kore da babur. Ina tsugune bakin rijiya ina wanke-wanke, hannuna duk toka. Turo shi ya yi, ba hawa ba, domin ko tari babur ɗin bai iya yi. Amma fa ja ne jawur, yana sheƙi kamar yanzu aka fasa kwalinsa, Baba kuwa baki har kunne, ya manta da cewa guminsa ne ya kawo abin gida. Inna ta fito tana sa albarka. Ni ce na fara hango tsohuwar da ta biyo shi. Ta tsaya a bakin zaure, ƙafarta ba takalmi, tana riƙe da wani tsumma a ninke. Ba ta yi sallama ba, ba ta kuma dubi kowa ba sai babur.

Duk garin an san ta da Mama Ɗanladi. 'Yar Gbagyi ce, gidansu na bakin hanyar da ke fita zuwa Gwagwalada. Ɗanta Ɗanladi na cikin samarin da suka ajiye fartanya suka tafi leburanci lokacin da ake ta gina sabon birni, da gumin ɗaukar bulo ya sayi wannan babur. Wata safiya taya ta yi faci, sai ya jingine shi a ɗakin ajiyar doya, ya hau motar da ke kwasar leburori, ya ce wa uwarsa zai liƙe tayar in ya dawo. Bai dawo ba. An nema a wuraren gini, an nema a asibiti, babu wanda ya kawo gawa, babu wanda ya kawo labari. Shekaru suka yi ta wucewa babur na jingine, ita kuma kowace safiya sai ta goge shi kafin ta tafi gona. Da mijinta ya rasu, ƙanin mijin ya ce ƙarfe ba ya zama a ɗaki yana cin wuri, ya sayar wa Baba ba tare da ya tambaye ta ba.

Baba harkar doya yake yi, keke ya gama cinye masa gwiwa, don haka bai tsaya bin diddigi ba. Sheƙin ne ya ruɗe shi. Da Isiyaku bakanike ya zo daga Gwagwalada ya buɗe tanki, wani wari ya bugo mu kamar na tsohon fenti. Fetur ɗin ciki ya daskare ya zama danƙo, tankin ya yi tsatsa, batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage, sarƙa ta sandare. Ɓeraye sun yi sheƙa a ƙarƙashin kujera, zanzaro ya gina gidan laka a bakin salansa. Isiyaku ya yi dariya har da riƙe ciki. "Oga, waje amarya, ciki kaka," in ji shi. Ya kuma ja wa Baba kunne kada ya kuskura ya taka kik don tayar da inji sai an zubar da tsohon baƙin mai, an ɗiga sabo ta ramin filogi ya kwana, in ba haka ba injin zai ci kansa.

Aikin tanki ni aka ba. Aka zuba tsakuwa da kananzir a ciki aka toshe, kullum in na dawo daga makaranta sai in rungume shi in yi ta girgizawa har kafaɗuna su yi tsami, a zubar da jan ruwa, a sake zubawa. 'Yan'uwana mata na can suna carafke a gindin mangwaro, ni ina nan ina warin kananzir. Da farko na yi ta ƙunƙuni. Abin da ya rufe mini baki shi ne Mama Ɗanladi, domin ba ta fasa zuwa ba. Da sassafe za ta shigo, ta goge madubi, ta goge kujera, ta goge har ƙarafan da Isiyaku ya kwance ya baza a kan buhu. Inna ba ta so, tana cewa tsigar jikinta tashi take in ta ga matar. Baba ya ce a ƙyale ta, ai ba ta ɗauki komai ba.

A hankali muka saba. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, ba ruwanta da mace ko namiji, "kai" take ce mini. Wata rana ta kama yatsana ta ɗora a kan wani ɗan rami da ke gefen salansa. "Ka gani? Nan ne muryansa," ta ce. "Tun daga gadan bakin gari ina ji. In na ji, sai in sa ruwa a wuta." Ta kwaikwayi ƙarar da bakinta, fat-fat-fat, da ɗan fito a ƙarshe. Na yi dariya, ita ma ta yi. Wannan ne karo ɗaya tak da na taɓa ganin haƙoranta.

Ranar da babur ya tashi tana daji wajen itace. Da la'asar ne, hadari ya haɗo ta gabas. Isiyaku ya mayar da kafireto, ya sa sabon filogi, ya taka, ya sake takawa, sai injin ya yi tari ya kama. Hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka watse, muka yi ta tsalle. Ƙarar kuwa ita ce dai wadda tsohuwar ta kwaikwaya mini, har da fiton. Baba ya hau ya fita gwaji, na bi shi da gudu tare da sauran yara. A daidai kwanar gidanta muka hango ta. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, kuma ban taɓa ganin wadda ta yar da kayanta ba sai ranar. Ta watsar da itacen a tsakiyar hanya, tana gudu irin na tsofaffi, tana kiran sunan ɗanta. Baba ya taka birki. Ta zo gab da shi, ta dube shi a fuska, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Sannu, Malam," ta juya ta fara tsintar itacenta ɗaya bayan ɗaya. Tsoro da tausayi suka kama ni lokaci guda.

Baba bai ci tuwo ba ran nan. Daga washegari, in ya kusa gidanta sai ya kashe inji ya tura har ya wuce. Bai hana komai ba, don tun daga gada take ji. Kullum ya dawo daga kasuwa zai tarar da ita a ƙofa, a tsaye, tukunya a kan murhu a bayanta. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya ce shi ba zai iya riƙa ta da wa baiwar Allah mikinta safe da yamma ba. Dama Isiyaku ya ce tsohon salansan ya ruɓe, sai Baba ya sa ya kawo sabo. Aka kwance tsohon aka ba maƙeri. Babur ya koma yana tafiya sumul, ba ka jin sa sai ya zo kusa.

Bayan 'yan kwanaki ta shigo da tsummanta. "Malam, ka sayar da shi ne? Ban ji shi ba."

"Ga shi nan, Mama. Gyara aka yi masa."

Ya tayar mata. Ta karkata kai ta saurara, ta sunkuya ta shafa sabon ƙarfen tana laluben ramin. "Wannan ba shi ba ne," ta ce. Ta ninke tsumman ta miƙo mini, ta fita.

A ranar Baba ya je wurin maƙerin da sauri, ya tarar har ya farke salansan ya buga abin kwasar garwashi da shi. Mama Ɗanladi ba ta sake taka gidanmu ba. Ba ta kwanta ciwo ba, ta ƙara wasu shekaru tana noma tana ɗaukar itace. Sai dai ta daina tsayawa a ƙofa. In muka wuce kan hanyar makaranta, bayanta muke gani, ta juya wa titi. Inna ta ce an huta, tsohuwa ta dangana. Baba kuwa har babur ɗin ya tsufa a hannunsa bai daina kashe inji a ƙofar gidanta ba.

Yanzu ina aiki a cikin birnin, a ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen nan, wani lokaci nakan dafa bango in ce ko Ɗanladi ne ya ɗauko wannan bulon. In na je gida kuwa, babura sun cika hanyar kamar ƙudaje, ba mai iya bambance ƙarar wani da ta wani, ba kuma mai ɗora ruwa don ya ji inji daga gada. Amma duk ranar da mai fasasshen salansa ya wuce ni, sai na waiwaya, warin kananzir ya dawo mini a hannu. Mu dai tausayi muka yi nufi. Ashe ɗan abin da ya rage mata ke nan muka kwance da sifana.