Shekarar da Muka Zauna Jarrabawa Ɗaya da Babana

Lissafi ne ya kayar da ni. Da sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare ya fito, ina da kiredit shida, amma babu Lissafi a ciki. Duk yawan kiredit ɗin mutum, in babu Turanci da Lissafi, jami'a ba ta kallon takardarsa. Ga shi na riga na yi jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, na samu maki mai kyau, shi kuwa makin nan shekara ɗaya kawai yake amfani. Na shige ɗakin Inna na kwana biyu ina kuka.

Babana malamin firamare ne a Gwaram, ya haura shekara ashirin yana koyar da 'yan aji biyar da aji shida. A rana ta uku, bayan la'asar, ya kira ni tsakar gida. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga ambulan ya miƙo mini.

"Karanta layin farko," ya ce.

Sakamakonsa ne na sakandare. Layin farko Turanci, kuma bai kai kiredit ba.

"Kwalejin ilimi ta karɓe ni a haka a wancan zamanin," in ji shi. "Amma sau biyu ina neman karatun digiri na lokacin hutu, sau biyu jami'a tana cewa sai na kawo Turanci. Akwai jarrabawar ƙarshen shekara, ta masu gyara. Zan yi mana rajista, ni da ke."

Inna tana tankaɗe a gindin murhu, ta ɗago kai. "Malam, da furfurar taka?"

"Ba a rubuta furfura cikin abubuwan da aka hana shiga da su ba," ya ce.

Haka muka fara. Kullum in ya dawo daga makaranta ya leƙa gona, sai mu shimfiɗa tabarma. Ranar farko littafin 'yan aji huɗu ya ɗauko, ya ce in raba kashi uku bisa huɗu da rabi. Na ji haushi ƙwarai, ni da na gama sakandare. Na yi, na kuskure. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "To, ashe nan ramin yake." Wata guda muka yi a littattafan firamare kafin ya yarda mu taɓa na sakandare.

In an yi awa ɗaya sai mu juya, ni in koya masa Turanci. Wasiƙa kam Baba ya iya ta. Abin da ya gagare shi shi ne taƙaita labari, da kuma sashen furuci, inda ake jero kalmomi a ce ka zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da wata. Yakan ce duk su huɗun iri ɗaya suke a kunnensa. Da farko nauyi nake ji in ja masa jan biro, sai in ɗiga ɗan ɗigo a gefe. Wata rana dai muka yi gardama a kan wata kalma.

"Shekara ashirin haka nake rubuta ta," ya ce.

"To, Baba, shekara ashirin ke nan ba daidai ba."

Inna ta daka mini tsawa daga ɗaki. "Ke! Ubanki ne fa."

"Ƙyale ta," in ji Baba. "Sai an yi magariba zan koma ubanta."

A Birnin Kudu aka ba mu cibiyar jarrabawa, a wata sakandare, sai muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, can wajen babban asibiti. Saboda tare aka yi mana rajista, lambobinmu a jere suke, kujerarsa tana gaban tawa. Ranar farko, a bakin ƙofa, mai sa ido yana lalube aljihun kowa. Da ya zo kan Baba sai ya tsuguna har ƙasa.

"Malam! Barka da asuba. Ni ne fa, ka koyar da ni a aji shida. Wuce kawai, Malam."

Baba ya ɗaga hannuwansa sama. "Lalube ni kamar kowa. In ka bar ni na wuce, ban koya maka komai ba ke nan."

Mutumin ya lalube shi yana sunkuyar da kai, har hularsa Baba ya cire ya nuna masa cikinta. 'Yan layi suka yi ta dariya. Daga ranar kowa a zauren Baba yake kiransa.

Ranar Lissafi ya gama da wuri, na ga ya rufe takardarsa. An yarda wanda ya gama ya fita, amma bai tashi ba. Bai kuma waiwayo ba ko sau ɗaya. Na maƙale a wata tambaya, na ɗago na ga ƙeyarsa kawai, yana zaune shiru kamar mai jiran liman. Na ja numfashi na sake karanta tambayar daga farko.

Ranar Turanci kuwa ni ce na gama na zauna ina kallonsa. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa. Da aka ce a ajiye biro yana tsakiyar jimla, nan take ya ajiye.

Bayan wata uku muka koma Birnin Kudu, wani shagon kwamfuta, aka buɗe mana sakamako. Na samu kiredit a Lissafi, kuma an yarda a haɗa sakamakon zama biyu, don haka takarduna sun cika. Shi kuwa Turanci ya sake tsayawa inda yake. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya riƙe tawa yana ta kallo. A tasha ya saya mini tsire, abin da bai taɓa yi ba. Ni na kasa ci, sai hawaye.

"Ba faɗuwarki ba ce, me na kuka?" ya ce. "Ɗaya ta wuce, saura ɗaya."

Na sake yin jarrabawar shiga jami'a, na je tantancewa, na dawo gida jiran jerin sunaye. Shi kuma ya sake rajista. A wannan karon Gwaggo ta haɗa shi da maƙwabciyarta, wata malamar Turanci Kirista 'yar Filato. Duk Asabar yakan hau babur ya je, ta yi ta furta masa kalmomi yana maimaitawa, 'ya'yanta suna leƙe ta taga.

Ina ajin farko a jami'a ya kira ni a waya. Bai ko amsa gaisuwata ba.

"Kiredit," ya ce. "Na can ƙasa ne, na ƙarshe, amma kiredit ne."

Na ji guɗar Inna a bayansa.

Hutu huɗu ya yi yana zuwa karatu. Digirin ya zo saura 'yan shekaru ya yi ritaya, ƙarin girma ɗaya kacal ya samu da shi. Ranar bikin yaye su muka cika mota, har da Gwaggo da malamar nan. Aka ba shi doguwar riga da faffaɗar hula, sai ya tsaya yana jujjuya ta, wai shi ba zai tsaya gaban jama'a ba tare da hularsa ta gida ba. Muka yi ta lallashi. A ƙarshe ya ɗora ta a kan tasa, ta karkace gefe guda, kuma a haka aka ɗauke shi hoto.