Ƙwayar da na haɗiye a bakin kwata

Sai da autana ya karya mini yatsa kafin na yarda bulala ba za ta raba shi da tiramol ba. Wannan yatsan na dama, wanda har yau ba ya lanƙwasa in na riƙe ludayi. Da hantsi na same shi ya ɗauki babbar tukunyata, wadda nake dafa shinkafa da waken sayarwa a ciki, zai kai wa 'yan gwangwan. Na riƙe kunnen tukunya, ya murɗe. Na ji ƙas. Da ɗaya hannun na ɗauki muciya na fasa masa goshi. Matan gida suka fito suna salati, ni da shi kowa na jini, ba wanda ya saki tukunya.

Autan nawa karen mota ne a torotoro, ƙaramar bas ɗin haya, mai zuwa Adabraka. Direbansa ne ya fara ba shi ƙwayar, wai don kada ya gaji, daga baya ya ƙara da akpetashi, giyar nan mai ƙona maƙogwaro. Mun gwada rubutun sha. Kawunsa ya gwada sarƙa a ɗakin baya, yaron ya yi ta fizga har ƙarfe ya ci naman idon sawunsa. Ranar da aka kwance shi, ranar ya koma.

Nas ɗin da ta ɗaure mini yatsa, wata doguwar mata mai Hausa kaɗan-kaɗan, ita ta ce akwai ɗaki a bayan asibitin da ake duba irinsu. Ba a kwantar da mutum. Ya zo, a gan shi, ya koma gida.

Na ce, "Ya koma gida ya kashe wa?"

Ta ce, "Maame, ki kawo shi dai."

Na kai shi, ina gaba yana baya, kawunsa na bayansa. Duk Talata masu irin matsalarsa suke zama a kujerun roba, su yi da'ira, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Ni ina benci a waje ina leƙe ta taga. Ban ga abin da surutu zai yi wa wanda sarƙa ta kasa ba, amma na ga yana saurare, abin da bai taɓa yi mini ba. Bayan zaman sai likita ya ba da magani a 'yar farar leda: fara da safe don ta kwantar da ƙishin ƙwayar, rawaya da dare don barci. Ban yi boko ba, da launi nake gane su. Nas ta ja mini kunne, kada a yanke maganin farat ɗaya, jiki zai yi bore. Sai na ƙulle ledar a haɓar zanena. Ni nake sa masa a baki, in ce ya ɗaga harshe in duba.

A hankali aman ya tsaya, ya fara cin abinci, har yana ɗebo mini ruwa yana faskara itace. Sau ɗaya ya zame ya sha. Na zaci za su kore shi, nas ta ce ba a kora, a dawo da shi.

A wannan lokacin ne samarin unguwa suka tashi tsaye, bayan wani yaro ya faɗa babbar kwata yana farfaɗiyar tiramol ya mutu. Suka riƙa tare lunguna suna laluben aljihu. Wanda aka samu da ƙwaya a ɗaure shi a sandar wuta a zane shi da bel ɗin injin mota. Shugabansu mahauci ne, ɗan maƙwabciyata, ni na riƙe shi ranar sunansa. Ina sa musu albarka, in sun wuce ma nakan zuba musu abinci kyauta.

Wata Talata nas ta ce lokaci ya yi da zai riƙa zuwa shi kaɗai, ya karɓi maganinsa da hannunsa. Raina bai so ba, amma na bari.

Ranar, ana kiran azahar, mai kokon da ke kusa da ni a wurin sana'a ta zo a guje, ba ɗankwali. "Mma, sun kama ɗanki a bakin kwata!"

Da muciyar na tafi. Na tarar sun tuɓe masa riga sun ɗaure shi, bayansa ya yi layi-layi, jini na fita ta kunnen hagu. Mahaucin na riƙe da farar ledar, ya riga ya zazzage ta cikin kwata.

"Mma, koma wurin sana'arki," in ji shi. "Da kaya muka kama shi."

"Kayan ubanka?"

"Na asibiti ne," in ji autana, baki cike da jini. "Wallahi na asibiti ne."

"Cale, abokina, kowa asibiti yake cewa," in ji mai riƙe da bel. "Na jiya cewa ya yi na ciwon haƙori ne, alhali ba shi da haƙori ko ɗaya." Suka bushe da dariya, ya sake ɗaga hannu.

Na sauke masa muciya a gwiwar hannu. Ya yi ƙara ya juyo, bel ɗin ya sauka a gadon bayana, na ji kamar an zuba mini tafasasshen mai. Na rungume ɗana da sandar gaba ɗaya. Wani ya ja mayafina, wani ya hankaɗe shi, mahaucin ya daka tsawa, wuri ya yi tsit.

"Mma, ƙwaya ƙwaya ce," ya ce. "Mu ba mu san fara da rawaya ba."

A ƙasa kusa da ƙafarsa na hango rawaya guda cikin turɓaya. Na duƙa na ɗauka, na hure, na jefa a baki na haɗiye ba ruwa.

Na ce, "Ku kuka ce mai tiramol yakan ɗauki buhun siminti biyu yana waƙa. To ku tsaya ku gani. In na tashi ina tsalle, ku ɗaure ni a nan ku fara da ni."

Na zauna a gindin sandar. Suka tsaya cirko-cirko, mutane suka taru har daga Maamobi. Ina harararsu ɗaya bayan ɗaya, ina ambaton uwar kowa, har harshena ya yi nauyi. Ban farka ba sai bayan la'asar, a tsakar gidanmu, mata na yi mini fifita. An ce munsharina ne ya sa suka kwance shi.

Amma magani ya tafi kwata, kuma autana ya ce ya gama da asibiti.

"Na sha, duka. Na bari, duka," ya ce. "Mma, gara in sha."

Na kulle ƙofa na zauna a bakinta. Kashegari jikinsa ya yi boren da nas ta faɗa. Gumi, rawar jiki, ya yi ta naushin bango har fatar hannunsa ta saɓule. Da ya ga ba zan kauce ba ya shaƙe ni ya manna da ƙofa. Ina ganin duhu-duhu na ce, "Matse. In ka gama ka tsallake gawar." Ya sake ni, ya sulale ƙasa yana kuka kamar akuya.

Na bar shi da kawunsa na nufi teburin mahaucin. A gaban masu sayen nama na ɗora hannuna mai karyayyen yatsa a kan gungumen da yake sara.

Na ce, "Kai ka zubar, kai za ka ɗauko. In ba haka ba, yau sai dai ka sayar da wannan."

Ya dube ni, ya dubi mutane, ya ajiye wuƙa. A babur ɗinsa ya kai autana asibiti, an ɗaure su da zanena a kugu don kada yaron ya faɗo, ni na bi su a torotoro. Nas ta wanke kunnen, likita ya sake ba da magani. Da nas ta ji abin da na haɗiye, ta yi mini faɗan da tun rasuwar uwata ba a yi mini ba: tsohuwa mai hawan jini, da ban farka ba fa? Gaskiyarta ce kuwa.

Kunnen hagun bai dawo ba. In zan yi masa faɗa sai na zagaya dama. Yanzu a bakin titi nake ba shi farar ƙwayar, a gaban layin masu sayen abinci, in ɗaga ta sama kowa ya gani. Samarin in sun zo wucewa sukan sunkuyar da kai. Shi kuma yakan haɗiye da koko, ya buɗe baki ya ɗaga harshe tun ban ce ba. Nakan duba duk da haka.