Wuraren da Namata Ya Tsaya

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Namata makwancinsa, nan Dogon Dutsi. Bai taɓa riƙe muƙami ba, kuma ba na tsammanin sunansa ya taɓa shiga jarida kafin yau. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne. Ni kuwa ma'aikacin jinya ne, majo kamar yadda ake kiranmu a nan, kuma yawancin shekarun aikina a bayan motarsa na yi su, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa, shi yana fama da sitiyari. Mutanen gari sun fi tuna shi da jiniyar motar nan. Ni na fi tuna shi zaune a kan dutse, ga takarda a cinyarsa, ga gwangwanin tumatir cike da ruwa a gefensa, yana ta faman zana ƙasarmu da fentin ruwa. Kuma bai iya ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don shi ma bai taɓa ɓoyewa ba.

Abin ya samo asali ne tun muna aiki. Wata damina aka kira mu wani ƙauye can gaba da Dogon Kiriya, mu ɗauko wata mata da naƙuda ta yi wa tsanani. Da hantsi muka baro ƙauyen, ita da gwaggonta da ni a baya. Jini ya ƙi tsayawa. Na yi duk abin da na sani, Namata kuma ya yi gudun da laka ta bar shi ya yi, amma ba mu kai rabin hanya ba Allah ya karɓi abinsa. Na ƙwanƙwasa ƙarfen da ke bayan kujerarsa, alamar da muka saba. Ya rage gudu, ya tsaya, ya kashe mota. Haka muke yi kullum: in rai ya fita sai a tsaya, a rufe mamaci, a yi addu'a, sannan a juya a mayar da shi gida.

Da na sauko na tarar da shi tsaye ya juya wa motar baya. A gabansa akwai tabki cike fal, da gawo ba ganye ko ɗaya kamar yadda yake a damina, da jan tudu can nesa, hatsi kuma ya kai gwiwa. Ya ƙura musu ido. Sannan ya ce, “Majo, shekara nawa muna bin hanyar ga? Wallahi ban taɓa ganin wurin ga ba sai yau.” Ni hankalina na kan tsohuwar da ke kuka a cikin mota. Amma gaskiya ya faɗa. Direba irinsa rami yake kallo, da yashi, da dabbar da za ta tsallaka. Ba ya ɗaga kai sai ranar da sauri ya daina amfani.

Bayan mun ajiye aiki ne ya ci karo da akwatin fentin, a cikin tarkacen wani mai kayan gwanjo ranar kasuwa. Ɗan akwatin kwano ne na yaran lakwal, wato makarantar boko, launuka jere a ciki kamar alewa, da buroshi guda mai zubar gashi. Don jikokinsa ya saya, amma bai kai musu ba. Da ya kawo mini zanensa na farko sai da na juya takardar sama da ƙasa, na tambaye shi ko miya ce ta zube. Ya ce tabkin nan ne na hanyar Dogon Kiriya. Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya taya ni, sannan ya ce tunda na iya dariya sai in zo in gwada. Na gwada, nawa ya fi nasa muni. Na ukunmu shi ne Iliya tela, maƙwabcina, wanda ya biyo mu don ya yi mana ba'a, sai abin ya kama shi. Shi ne ya fi mu hannu, don ya saba haɗa zare da yadi.

Ba wanda ya koya mana. Da ɓarna muka gane cewa takardar kaye, littafin rubutun yara, ba ta ɗaukar ruwa, sai ta kumbura ta yage, dole sai mai kauri. Muka gane ana farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu, kuma ba a yin fari, sai dai a bar wa takarda farinta. In ka shafe shi, ya tafi ke nan. Ranar ƙasarmu kuma ba ta jira, kafin ka gama sararin sama gefe guda ya bushe ya bar tabo. Iska ta kwaso yashi ta manna a kan hatsinka. Ƙuda ya sauka ya sha tabkinka. Namata bai da haƙurin jiran launi ya bushe kafin ya ɗora wani, shi ya sa komai nasa ke komawa ruwan ƙasa. Iliya yakan ce masa, “Kai har yanzu tuƙi kake yi. Babu mara lahiya a baya, ka sassauta.”

Duk Lahadi, daga saukar ruwan fari har a gama girbi, muna fita da babura biyu. Mutanen karkara sun sha mamakinmu. Wasu suka ɗauka ma'aikatan wani furoje ne za su gina rijiya. Wata tsohuwa kusa da Ɗan Kassari ta ga Namata ya ƙura wa wata tsamiya ido tun safe, ta matso a hankali ta tambaye shi ko doguwa ce, aljanar itacen, ta kira shi. Ya ce, “A'a Inna, launin ganyen nake nema, ya ƙi samuwa.” Ta girgiza kai ta tafi, ta aiko mana da fura.

Shi ke zaɓar inda za mu zauna, kuma ba a daɗe ba na gane yadda yake zaɓa. Wata kwana da ke gangarawa cikin kwari, inda wani manomi da maciji ya sara ya cika. Wani faƙo mai sabara, inda muka rasa tagwaye. Gindin wata aduwa. Duk wuraren da na taɓa ƙwanƙwasa masa ƙarfe ne. Ni da na riƙe hannuwan mutanen nan na mance da yawansu, shi da ke gaba bai mance ko ɗaya ba. In mun isa sai ya karanta Fatiha, ya shafa, sannan ya tsoma buroshi a ruwa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba za mu je wurin da ba ya tayar da hankali ba. Ya ce, “Wuraren ga kaɗai na gani da idona, Majo. Sauran wucewa na yi.”

A gida ma bai rasa mai ja da shi ba. Ɗansa Sani, ɗan kasuwa ne mai shago a bakin kwalta, mai riƙon addini ƙwarai, ya zo ya durƙusa ya ce yana jin tsoron zanen nan ya ja wa mahaifinsa zunubi. Namata bai yi fushi ba. Ya ce ya je ya tambayo malaminsa, duk abin da aka ce zai bi. Sani ya dawo da amsa cewa itace da dutse da ruwa babu laifi, a dai guji mai rai. Namata ya ce wannan mai sauƙi ne, domin jaki ɗaya da ya taɓa zanawa, uwar Sani, Hajiya Tani, ta ɗauka gado ne. Tun daga ranar, duk sanda Sani ya je saro kaya Yamai sai ya taho wa babansa da takarda mai kauri, ya ajiye masa a ɗakinsa.

Ciwon suga ne ya fara cin idanunsa. Ni ne na fara lura, kuma ni ne na kai shi aka duba, aka ce an makara. Damina biyu ya yi yana lallaɓawa, yana kusanto da takarda har tana taɓa hancinsa. Fitarmu ta ƙarshe, bayan Dutsi kaɗan muka je, don ba ya iya doguwar tafiya a babur. Ya zauna ya yi aiki shiru, sannan ya miƙa wa Iliya ya ce ya faɗa masa gaskiya. Iliya ya dube ni, na dube shi. Ya ce, “Namata, shuɗi ka sa wa ƙasa. Saman kuma ka yi shi ja.” Namata ya yi dariya, ya ce to ai ya kawo sabon abu. Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ya lalubo gwangwanin ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, ya rufe akwatin, ya ce mu ci gaba da namu, shi zai saurara. Muka yi kamar muna zane. Ban san abin da Iliya ya sa a takardarsa ba, ni dai ban ga tawa ba don hawaye.

Da ciwon ya kai ga ƙoda, aka ce a kai shi asibitin Doso. Ya ƙi. Na roƙe shi, Sani ya roƙe shi, Hajiya Tani ta yi kuka. Abin da ya ce kawai shi ne, “Na san hanyar. Ku bar ni nan.” Ya rasu a ɗakinsa wata la'asar bayan an gama yankan hatsi, matarsa na zaune a bakin gadon.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yawancin wuraren da muka zauna ba su zaunuwa yanzu. Hanyoyin da muke bi da babur muna raha, yau mutum sai ya tambaya kafin ya kama su, kuma in la'asar ta yi kowa na gida. Tsofaffi uku a kan tudu suna kallon gari suna rubutu a takarda, a wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, ba fura za a aiko musu ba, tambaya za a yi musu, kuma ban ga laifin mai tambayar ba. Gonakin da ke kewaye da Dutsi an yanka su filaye, duwatsun siminti sun tsaya inda kalgo yake. Kowane saurayi da salula a aljihu, wayar hannu ke nan, yana ɗaukar hoton da ya fi duk abin da muka zana kyau, ya wuce bai ko tsaya ba. Ina jin Namata ba zai yi tsaki ba, ba halinsa ba ne. Zai yi baƙin cikin hanyoyin ne, don ya san abin da rufewar hanya ke nufi ga macen da naƙuda ta kama a ƙauye.

Zane-zanen nasa ma ba su jure ba. Fentin yara ne, haske na cinye shi. Wata damina mai ƙarfi bangon ɗakinsa ya jiƙe, da yawa suka narke, gara ta ci wasu. Hajiya Tani ta raba mana abin da ya rage, Sani ya rataye ɗaya a shagonsa, ya dushe har ba a gane tudu da gajimare. In da zane ne kawai abin da ya bari, da sai in ce ya kusa ƙarewa. Abin da na ga ya rage shi ne mu biyu, ni da Iliya, da ɗabi'ar da ya saka mana wadda ta ƙi barinmu. Ni hannuna yanzu rawa yake yi, Iliya gwiwa ta hana shi hawan tudu, amma duk shekara in hatsi ya fitar da kai sai mun fita ko sau ɗaya.

Bana ma mun fita, nan bakin gari inda gidaje suka ƙare. Muna cikin aiki sai ga mai gonar, wani dattijo da hauya a kafaɗa, fuska a murtuke. Ya yi sallama a taƙaice ya ce, “Ku ne masu awon? Ai an ce mini sai bayan girbi.” Muka ce mu ba masu awo ba ne, Iliya ya juya masa takardar. Ya ajiye hauyar ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, ya ɗaga kai ya dubi gonar, ya sake duban takardar. Ya ce gonar kakansa ce, magada sun yi yawa, an sayar, wannan ce daminarsa ta ƙarshe a cikinta. Sannan cikin jin kunya ya tambaya ko ana sayar da irin wannan.

Iliya ya ce ba a sayarwa, kyauta ake ba da shi, amma ya yi hankali don bai bushe ba. Dattijon ya goge hannuwansa a riga, ya karɓa a kan tafukansa biyu kamar wanda aka miƙa wa jariri. Ya juya ya shiga cikin hatsin a hankali yana kare takardar daga ganye, har ya ɓace mana. Sai da ya yi nisa muka ga ya mance hauyarsa a gabanmu. Muka zauna muna gadinta har ya dawo.

Allah ya jiƙan Namata, ya sa ya huta, ya jiƙan duk waɗanda muka ɗauko ba mu isa da su ba.