Marin da Mijina Ya Ƙera

Mijina maƙeri ne, shi ya ƙera marin da aka sa wa maƙwabcinmu a Kurawa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarar da Nasara ke ɗiban mutane aikin hanyar Isa, ƙanen maƙwabcin namu aka kira, amma ya tura wan a madadinsa, don mutum ne mara wayo, bai iya musu ba. Ya dawo bayansa duk shatin bulalar dogarai, ko kaza ta yi kuka sai ya firgita. Ƙanen ya ce hauka ne, ya ɗaure shi a turken jaki. In ya nemi ruwa, bulala. In ya ɓata jikinsa, faskare.

A al'adarmu maƙeri ba ya cire mari sai da yardar wanda ya sa aka buga shi. Na yi wa mijina magana har bakina ya gaji. Ƙarfen kuwa ya ci naman ƙafar, wari yana tsallako danga ya iske mu muna cin tuwo. Maza suka ce sha'anin gida ne. Su da gemunansu!

Wata rana da hantsi muna sussukar gero, muka ji ihunsa ya shaƙe. Tsohuwar unguwarzomarmu ta ce, "Mi muka jira, ɗiyana? Sai ya mace?" Muka banke danga da taɓarenmu. Muka iske ƙanen yana taka masa wuya. Na sauke masa taɓarya a kafaɗa, wata ta fasa masa goshi, ya faɗi, muka rufe shi da duka. Wallahi na ji daɗi.

Sai ga ɗaurarren ya jawo jiki iyakar tsawon sarƙarsa, ya kwanta a kan ƙanen, jini na zuba musu duka biyun. Ya dubi tsohuwar ya ce, "Ku bar min shi, Inna. Ni nig goye shi."

Muka sauke taɓare. Na ruga maƙera na ɗauko kurfin datse ƙarfe da masaba. Mijina ya biyo ni, ya karɓa, ya datse marin bai tambayi kowa ba.

Ya rayu, amma ƙafar ta shanye. A zaurenmu ya ƙare kwanansa. Duk tuwon da na kai masa sai ya raba biyu, ya ce in miƙa wa ƙanensa rabi ta kan danga.