Matar da ta Wanke Sunan Saje Idirisu

Kullum da hantsi, in ba Lahadi ba, Dakta Liyatu Dung kan fito daga gidanta a Yalwawa da jaka a kafaɗa, ta tsayar da a-daidaita-sahu zuwa jami'a. Shekara ashirin da shida ta yi tana aikin jami'a. A watan nan ta ajiye aiki, kuma ban ji wanda ya tashi ya yaba mata ba, shi ya sa na ce ni zan yi.

Aikinta binciken kayan yaƙi ne, da yadda ƙasashe ke haɗa sojoji su je raba faɗa a ƙasar wasu. Mutane na jin haka sai su ɗauka jirage ne da bama-bamai. Ita kuwa ƙananan kayan da ran soja ke rataye a kansu ta sa a gaba: takalmi, batir, rediyon oba-oba.

Ni na san yaƙi. Ban taɓa zama a aji ba, amma na yi wata goma sha tara a dajin wata ƙasa ta bakin teku, inda ruwa kan yi kwana tara bai ɗauke ba. Harsashi biyu suka shige ni, ɗaya na nan a cinyata har yau. Duk garinmu Aujara babu wanda ya ga abin da na gani. Da aka ce wata malama 'yar Filato na neman tsofaffin sojoji, na ce ta zo, ni kaɗai zan cika mata littafi.

Dakta Liyatu ce. Ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ba ta labarin ranar gada. Abokina Saje Idirisu, ɗan garinmu, shi aka ba tsaron wata gada da mutum huɗu. Aka ba da umarni ta oba-oba kowa ya ja da baya, su ba su ja ba, duka biyar suka mutu a wurin. Rahoto ya ce Idirisu ya ƙi bin umarni. Matarsa ta rasu da wannan a zuciya. 'Yarsa Madina ta girma tana jin ana cewa taurin kan ubanta ya ci ran mutum huɗu.

Dakta ba ta katse ni ba. Da na gama, ta ciro tsohuwar oba-oba daga jaka, irin tamu sak, ta ɗora mini a hannu. Haka take yi wa kowa: ba ta rubuta labarin kaya sai mutum ya riƙe shi ya gwada mata.

Ta ce, "Baba Kofur, kai ka riƙe wa hafsa rediyo a ranar. Nuna mini yadda ka yi."

Kafin in yi tunani, hannuna ya girgiza ta, ya buga ta a gwiwa, ya zare batir ya goge da riga. Ta tambaye ni me ya sa nake buga ta. Na miƙa mata ita. Sannan na gaya mata abin da na ɓoye shekara talatin: rediyon ta mutu tun kafin hafsa ya yi magana a cikinta, mu da ke kusa da shi kaɗai muka ji umarnin. Na yi shiru ne don tsoron a ce ni na bar ruwa ya shige ta.

Ba ta zarge ni ba, ba ta kuma yarda da maganata ni kaɗai ba. Shekara huɗu ta yi tana bin tsofaffin sojoji talatin da ɗaya a ƙasashe uku, kowa ta ɗora masa rediyon a hannu. Ta sa injiniyoyi suka gwada, aka gano murfin batir ɗin irin wannan rediyo yana shan laima, ko wa ya riƙe ta. An ce manyan hafsoshi sun karanta abin da ta rubuta. Wannan tsakaninsu ne.

Abin da na gani da idona shi ne ranar da ta zo Aujara, ta zauna a tabarma a gidan Madina, dattawan unguwa na ji, ta mayar da binciken Hausa shafi bayan shafi, har da wurin da sunana ya fito. Madina tambaya ɗaya ta yi.

"Mama, ke nan bai ji umarnin ba?"

"Bai ji ba, 'yata. Ya tsaya ne inda aka ce ya tsaya."

Madina ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai, ni da ban sunkuya wa bindiga ba. Sai ta ce, tunda ni ne abokin mahaifinta da muka je yaƙin tare, ni zan ja addu'a. Na ɗaga hannu na ja.

Dakta, ke ce kika san cewa bayan kowane layi na rahoto akwai gidan da ake kuka. Na gode, Madina ta gode. Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma masu binciken da ta bari a jami'a, in kun gama rubutu, ku nemi gidan da abin ya shafa, ku zauna a tabarma ku karanta musu.