Kwabon Mbok Ngatini

A wata unguwa ta garin Klaten, duk wanda iska ta shiga jikinsa, wato sanyi ya kama shi, gidan Mbok Ngatini yake nufa; Mbok a harshensu kamar a ce Iya ne. Ta shafa masa man kwakwa, ta kankare bayan da tsohon kwabo har jajayen layuka su fito, ya tashi sakayau. Shekara talatin tana wannan sana'a, kuma bakinta ya fi kwabon kaifi.

Abin da ba a sani ba, a jikinta ta koya. Marigayi mijinta shekara goma sha ɗaya yana jibgarta, ita kuma tana bin gurbin dukan da kwabo don maƙwabta su ce sanyi ne. Har ya mutu ba ta buɗe baki ba, kuma abin yana cinta har yau.

Ran wata Laraba da hantsi Wahyudi, malamin makarantar firamare, ya kawo matarsa Sulastri a babur. Ya sunkuya ya sumbaci hannun tsohuwar.

"Mbok, iskar ce kuma. A kankare ta sosai, jibi muna da biki."

Karo na uku ke nan. A ɗaki Sulastri ta zame riga, sai ga shatin yatsu a kafaɗa da wuya. Sau biyu Ngatini tana rufe wannan ɓarna da hannunta, tana cewa ba ruwanta. Yau kunya ta kama ta.

"'Yar nan, iskar gidanku har yatsu biyar gare ta?"

Sulastri ta sunkuyar da kai. "Ki taimaka, Mbok. In aka gani wajen biki na shiga uku."

"Kin daɗe da shiga. Ni na yi wa kaina wannan aikin, na san inda yake kai mutum. Yau ba na kankara." Ta nuna ƙofar baya. "Ki bi ta gonar shinkafa ki ɓulle asibiti, a gani yadda yake, a rubuta. Daga nan sai gidan yayanki. Ko ki koma kan babur. Zaɓi naki ne."

Sulastri ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta mayar da riga, ta riƙe takalmanta a hannu, ta sulale ta ƙofar baya.

Ngatini ta fito baranda da butar shayi.

"Malam, iskar ta yi nisa, sai an ɗau lokaci. Sha."

Wahyudi ya duba agogo. Amma ga matan unguwa suna shanyar tufafi suna kallo, kuma ɗan mutunci ba ya tashi ya bar tsohuwa da buta a hannu. Ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, da ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Da kofi ya yi ƙasa sai ta cika.

Yana kan na huɗu ya ce, "Mbok, na ji shiru a ciki."

"Ai ta gama yin shiru," in ji Ngatini, ta ƙara masa shayi.